Baƙin murabba'i a kan farin ƙyalle: shin wannan ma zane ne?

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatun zane ya nuna mini hotunan wasu ayyukan Turawa na shekara ɗari da suka wuce. Ɗaya baƙin murabba'i ne kawai a kan fari. Ɗayan kuma baƙaƙen layuka ne da ɗan ja da shuɗi da rawaya. Ya ce ana sayar da irinsu miliyoyin daloli. Ni a ganina ko autata za ta iya. Ina gwanintar take, ko dai yaudara ce kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tambayar taka ita ce ɗalibaina suke yi mini duk shekara idan muka iso wannan babi, kuma ban taɓa ganin laifin mai yin ta ba. Zane biyun da ɗanka ya nuna maka na san su. Baƙin murabba'in aikin Kazimir Malevich ne, wanda aka haifa a Kiev a 1879, ya yi shi a 1915. Mai layuka da launuka uku kuwa na Piet Mondrian ne, mutumin Holan, haifaffen 1872. Zan gaya maka gaskiyata tun daga farko: autarka za ta iya shafa baƙin fenti ta fitar da murabba'i, babu ja a nan. Na Mondrian kuwa ba za ta iya ba, yawancin manya ma ba za su iya ba, zan kuma nuna maka yadda za ka gwada da hannunka. Sannan mutanen nan biyu duk sun iya zana fuska da itace da gida tsaf kafin su kai ga wannan. Mondrian yana da takardar shaidar koyar da zane, ya yi karatu a makarantar zane ta Amsterdam daga 1892, kuma har lokacin da yake yin layukan nan a Paris yana zana furanni yana sayarwa don ya ci abinci. Saboda haka abin tambaya shi ne, me ya sa mutumin da ya iya ya ajiye abin da ya iya?

Ruwa ba ya tsami banza. Kusan shekara ɗari biyar mai zane a Turai aikinsa ɗaya ne: ya mai da ƙyallen zane ya zama kamar taga, wanda ya leƙa ya ga sarki a kan doki, ko jirgi a teku, ko 'ya'yan itace a faranti. Gwani shi ne wanda ya fi ruɗar ido. Sai kyamara ta fito a 1839, cikin 'yan shekaru ta karɓe rabin wannan aiki a kan kuɗi kaɗan. Masu zane suka fara tambayar kansu, idan na'ura za ta kwafo kamanni, mu mene ne namu? Paul Cézanne na Faransa ya shawarci wani matashin mai zane a 1904 da ya riƙa duban halitta ta fuskar siffofi na asali, mulmulalle da mai kamar ganga da mai tsini. Picasso da Braque suka ɗauka daga nan, tsakanin 1907 da 1914 suka riƙa farfasa siffar goge da kwalba da mutum suna jera ɓarayin a fili ɗaya, salon da ake kira Kubizim. Amma su sun tsaya a bakin gaɓa. Duk yadda suka farfasa abu, sai sun bar maka wata alama, igiyar goge ko gashin baki, da za ka ce ga abin da aka zana. Waɗanda kake tambaya a kansu su ne suka tsallaka.

Idan kana son ganin yadda aka tsallaka ɗin, nemi zane uku na Mondrian a intanet ka jera su. Duka ukun itace ne, kuma duka suna gidan zane na birnin Hague a Holan. Na farko ya gama shi wajen 1910: itace ne sosai, kututture ja, sararin bayansa shuɗi, rassa sun sunkuya. Na biyu na 1911 ne, launi ya janye sai ruwan toka da baƙi, rassan sun zama lanƙwasassun layuka, kuma sararin da ke tsakanin reshe da reshe ya yi kauri har ya zama yana da nauyi daidai da rassan kansu. Na uku, na 1912, itacen tufa ne mai fure, amma in ba a gaya maka ba ba za ka ce itace ba ne. Gajerun layuka ne masu lanƙwasa suna haɗuwa suna rabuwa. A tsakanin waɗannan ukun za ka ga abin da ya dame shi. Ba ganye ba ne, ba ɓawo ba ne. Abin da ya riƙe hankalinsa shi ne yadda kututture yake miƙewa sama, rassa suna yin gefe, da yadda waɗannan biyun suke ja da juna har itacen ya tsaya bai faɗi ba.

Yaƙin duniya na farko ya ritsa da shi a gida Holan a 1914, ya kasa komawa Paris. A bakin teku ya riƙa zana ruwa da gadar katako da ta shiga cikinsa, har a 1915 teku da gadar suka koma 'yan gajerun sanduna, wasu a tsaye wasu a kwance, suna gicciye juna. A 1917 shi da Theo van Doesburg da wasu suka fara fitar da mujallar De Stijl. Sai wajen 1921 ya zauna a kan abin da aka san shi da shi: baƙin layi a tsaye, baƙin layi a kwance, ja, shuɗi, rawaya, sai fari da ruwan toka. Wato daga jan itacen nan zuwa wannan matsayi ya ɗauke shi fiye da shekara goma, yana ragewa kaɗan kaɗan, yana duba ko abin da ya rage zai iya tsayuwa.

Bari mu matso kusa da guda ɗaya, wanda ya yi a 1930 da ke birnin Zurich, mai yiwuwa ma shi ɗanka ya nuna maka. Ƙarami ne, bai kai rabin mita ba ta kowane gefe. Wani ƙaton ja ya cinye saman dama, ya fi rabin zanen, kuma babu layin da ya tare shi ta sama da ta dama, kamar zai ci gaba da malala har bayan katakon. A ƙasan hagu akwai shuɗi, ƙarami sosai idan aka gwada da jan. Can a kusurwar ƙasan dama ga wani ɗan guntun rawaya da bai fi yatsa ba. A hankalce ja ya kamata ya rinjayi komai, zanen ya karkata. Amma bai karkata ba. Shuɗin yana da duhu, duhu kuma yana da nauyi, sai ya danne ɗaya gefen. Fararen filayen da ke hagu suna ba ido wurin hutawa. Baƙaƙen layukan ba kaurinsu ɗaya ba, akwai wani gajere a saman hagu da ya fi sauran kauri, shi ne yake riƙe wannan ɓangaren kada ya zama fanko. Yanzu sa babban yatsanka ka rufe ɗan rawayan nan a kan allon wayarka. Za ka ga kusurwar ta mutu, jan ya faɗo mata.

Ga gwajin da nake ba ɗalibai, kai ma ka yi da autarka a tsakar gida. Ina ba kowa farar takarda mai kusurwa huɗu daidai, da yankakkun baƙaƙen tsiri guda biyar, da takarda ja da shuɗiya da rawaya, da almakashi. Sharaɗi biyu ne: kada layi ya karkace, kuma kada gefen hagu ya zama madubin gefen dama. Cikin minti biyar kowa ya ce ya gama. Sai mu manna su a bango mu ja da baya. Yawanci sai ka ga kamar tagar gida, ko tutar wata ƙasa, ko kuma duk nauyin ya zube gefe guda. Akwai wata ɗaliba da na tuna, ta shafe kusan awa biyu a kan ɗan shuɗi guda ɗaya, ta matsa shi sama da faɗin farce, ta koma bakin ƙofa ta duba, ta dawo ta rage masa gefe da almakashi, ta sake komawa. Da ta samu wurinsa, duk ajin ya gani a lokaci guda, ba wanda ya yi musu, kuma ba wanda ya iya faɗin dalili. Wannan shi ne aikin da Mondrian yake yi na watanni a kan zane ɗaya. Ba da lissafi yake yi ba, da ido yake yi. Binciken da aka yi wa zane-zanensa ya nuna sawun layukan da ya kankare ya matsar, kuma wanda ya matso kusa zai ga farin nasa ba fari ɗaya ba ne, ga sawun buroshi wani ya bi tsaye wani ya bi kwance. Hoton waya yana shafe duk wannan, shi ya sa yake kama da aikin injin buga takarda.

Ya ɗauki abin da gaske har ya kai ga rabuwa da abokin tafiyarsa. Da van Doesburg ya fara shigar da karkataccen layi a 1924, Mondrian ya janye daga ƙungiyarsu ta De Stijl. A wurinsa tsaye da kwance su ne ginshiƙan rayuwa guda biyu masu ja da juna, aikin mai zane kuma ya samo daidaito tsakanin abubuwan da ba su yi daidai ba. Ya yi imani cewa idan mutane suka saba ganin irin wannan daidaito, za su nemi shi a gidajensu da garuruwansu da mu'amalarsu. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, mayaudari ba ya zama a ɗaki ɗaya cikin talauci shekara ashirin a kan abin da ba mai saye.

Malevich labarinsa daban ne, kuma a nan ne maganarka ta fi ƙarfi. Shi bai bi a hankali kamar Mondrian ba, tsalle ya yi. A 1913 ya tsara labule da tufafin wani wasan kwaikwayo na waƙa a birnin da ake kira St. Petersburg, a nan siffar murabba'in ta fara bayyana a hannunsa. A watan Disamba na 1915, a wani baje kolin da aka sa wa suna 0,10 a birnin, wanda a lokacin an mai da sunansa Petrograd, ya rataye ayyuka 39, duk murabba'ai da sanduna da da'irori masu shawagi a kan fari. Ya kira salon Suprematism, yana nufin fifita tsantsar abin da zuciya take ji a kan kamannin abubuwa. Baƙin murabba'in kuwa bai rataye shi a jikin bango kamar sauran ba. Ya ɗaga shi can sama a kusurwar ɗaki, inda bango biyu suka haɗu. Duk ɗan Rasha na lokacin ya san wannan wuri, nan ne Kiristocin Orthodox suke ajiye hotunan ibadarsu a cikin gida, wanda ya shigo nan yake fara fuskanta. Saboda haka masu kallo sun fahimci abin da yake faɗa nan take, wasunsu kuma sun fusata ƙwarai. Cewa yake yi zanen kamanni ya zo ƙarshe, an koma sifili, daga nan za a fara sabon ƙidaya.

To ka ga darajar wannan aikin ba a wahalar shafa fentin take ba. Tana cikin wanda ya yi, da lokacin da ya yi, da wurin da ya rataye shi, a tsakiyar yaƙi, saura ƙasa da shekara biyu mulkin sarakunan Rasha ya rushe. Magana ce da ake faɗa sau ɗaya. Idan autarka ta yi irinsa yau, ta maimaita ne, kamar yadda shi kansa ya maimaita shi sau uku daga baya, kuma babu wanda ya kai na farkon.

Na farkon yana gidan zane na Tretyakov a Mosko, santimita 79 da rabi ta kowane gefe. Idan ka sami hoto mai kyau ka faɗaɗa shi, za ka ga abubuwa biyu. Murabba'in bai daidaita ba, gefunansa sun ɗan kauce, da hannu aka yi. Sannan baƙin ya tsattsage kamar busasshen tabki a watan bazara, ta cikin tsagar kana hango wasu launuka. Dalili shi ne a kan wani zane ya shafa shi. A 2015 masu bincike na gidan suka haska shi suka tarar da zane biyu masu launi a ƙarƙashinsa. Sun kuma tarar da wani abu da ba zan ɓoye maka ba: wani ɗan rubutu a farin gefen, da suka karanta a matsayin ba'a ga baƙar fata, mai komawa ga wata tsohuwar zolaya ta Faransa game da baƙaƙen mutane suna faɗa cikin duhu. Masana sun yi saɓani a kan ko hannunsa ne ya rubuta. Ni dai ina gaya wa ɗalibaina wannan duk lokacin da na koyar da zanen, domin ya ɓata mini rai, kuma su ma suna da haƙƙin su sani.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne yawancin waɗannan mutane ba lissafi ne ya kai su ga murabba'i da da'ira ba, neman abin da ido ba ya gani ne. Zamani ne da aka gano hasken da ke ratsa jiki ya nuna ƙashi, a 1895, ga saƙo yana tafiya ta iska babu waya. Mutane suka fara jin cewa abin da ake gani ɓawo ne kawai. Mondrian ya shiga ƙungiyar Tiyosofi a 1909, masu haɗa koyarwar addinai daban daban suna neman ɓoyayyen tsarin halitta. Wassily Kandinsky, mai zane ɗan Rasha, ya riƙa kwatanta launi da sautin kiɗa, yana cewa ai ba wanda yake tambayar kiɗa hoton me ya zana. Akwai kuma Hilma af Klint ta ƙasar Suwidin, wadda ta riga su duka. Tun 1906 take manyan zane-zane na da'irori da murɗaɗɗun layuka, ta yi 193 a jeri ɗaya zuwa 1915, ta kuma bar wasiyya kada a nuna su sai bayan shekara ashirin da mutuwarta. Ta rasu a 1944, duniya ba ta gan su sosai ba sai 1986.

Na san abin da zai zo maka a rai, domin ni ma ya zo mini: ai mu mun daɗe muna yin wannan. Zayyanar allon sauka, aska takwas a ƙirjin babbar riga, dagi a bangon zaure, adon ƙwarya, galibi babu hoton mutum ko dabba, siffa ce da launi. Haka ne. Masu adon masallatai daga Andalus har Farisa sun yi ɗaruruwan shekaru suna sarrafa siffofin lissafi zuwa matakin da Turai ba ta kai ba. Don haka idan littafi ya ce wane ne ya fara zane marar kamanni a 1910 ko 1915, a cikin al'adar zanen ƙyalle ta Turai ake nufi, kuma ya kamata a riƙa faɗin haka. Su Turawan ma sun gani. An yi babban baje kolin fasahar Musulmi a Munich a 1910, Kandinsky da Matisse, mai zane ɗan Faransa, sun je. Paul Klee ya tafi Tunisiya a 1914 ya dawo yana jera ƙananan murabba'ai masu launi. Amma akwai bambanci na gaske. Adonmu yana zaune a jikin wani abu, riga ko bango ko allo, kuma ƙarfinsa yana cikin maimaitawa da daidaiton gefe da gefe. Su kuwa suna son zanen ya tsaya shi kaɗai, a kalle shi kamar yadda ake kallon hoton sarki, shi ya sa Mondrian yake gudun maimaitawa. Babban tsoronsu ma shi ne a ce aikinsu ado ne. Kandinsky ya yi gargaɗin kada abin ya koma kamar zanen darduma. A nan ina ganin sun yi kuskure, sun raina abin da ba su sani ba. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin riga yana auna inda kowace aska za ta tsaya, ya san ido ɗaya ne yake aiki da na ɗalibata mai shuɗin nan.

Abin da ya biyo baya kuwa, a gurguje. Bayan juyin juya halin 1917 salon ya sami shiga a Rasha na ɗan lokaci. Malevich ya koyar a garin Vitebsk, El Lissitzky ya yi fostar yaƙi da jan alwatika yana huda farar da'ira. A 1921 Alexander Rodchenko ya nuna ƙyalle uku, ja zalla, rawaya zalla, shuɗi zalla, ya ce zane ya ƙare, a koma yin abin amfani. Lyubov Popova da Varvara Stepanova suka shiga masaƙa a Mosko suna tsara zanen atamfa. A Jamus makarantar Bauhaus, da aka buɗe a 1919, ta ɗauki Kandinsky da Klee suna koyarwa, daga can siffofin suka bazu cikin kujeru da gine-gine da tsarin shafin jarida. Alamomin hanya da tambarin kamfanoni da 'yan hotunan da kake latsawa a wayarka duk suna da jini da wannan zuri'a.

Masu mulki kuwa ba su ɗauke shi wasan yara ba. 'Yan Nazi sun rufe Bauhaus a 1933, a 1937 kuma suka baje ayyukan Kandinsky da Mondrian da wasu a Munich a matsayin lalatacciyar fasaha don jama'a su yi musu dariya. A Tarayyar Sobiyet gwamnatin Stalin ta wajabta zanen ma'aikata da manoma masu fara'a. An kama Malevich a 1930 bayan tafiyar da ya yi zuwa Berlin a 1927, aka tsare shi fiye da wata biyu. Ayyukan da ya bari a Jamus a wannan tafiya su ne suka tsira, da yawansu yanzu suna Amsterdam. Ya koma zana mutane, amma a hoton kansa da ya yi a 1933, a inda ake sa hannu, ɗan ƙaramin baƙin murabba'i ya sa. Da ya rasu a 1935 ɗalibansa suka ɗora murabba'in a gaban motar da ta ɗauki gawarsa.

Maganar kuɗi, ɗanka ya faɗi gaskiya. An sayar da wani aikin Malevich na 1916 a kan fiye da dala miliyan 85 a 2018, wani na Mondrian na 1930 kuma a kan dala miliyan 51 a 2022. Amma kada ka auna zanen da wannan. Farashin kasuwar attajirai ne, yana bin ƙarancin kaya da suna da neman wurin ɓoye dukiya, kuma ko kwabo bai shiga aljihun waɗanda suka yi aikin ba. Idan ka ce akwai hauka a wannan kasuwa, ina bayanka.

Ka ce wa ɗanka ya nemo maka aikin Mondrian na ƙarshe. Ya gudu daga barazanar yaƙi zuwa Landan a 1938, daga can zuwa New York a 1940, yana dab da shekara saba'in. Titunan birnin da fitilunsa da kiɗan baƙaƙen Amurka suka shige shi, har ya yar da baƙin layin da ya riƙe shekara ashirin, layukan suka koma jerin ƙananan ja da shuɗi da rawaya suna tsalle. Ya rasu a farkon Fabrairu 1944 bai gama na ƙarshen ba. Yana Hague yanzu, kuma har yau 'yan guntayen tef masu launi suna manne a jikinsa, a wuraren da yake ta matsarwa yana dubawa kwanaki kaɗan kafin a kai shi asibiti.